Sifili Biyu a Ƙarshen Lambarsa

Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da cewa na faye zargi, na ji kuma na gode. Ku dai gyara zama ku karanta wannan har ƙarshe, sannan mai zagina ya zage ni da hujja. Sababbin zuwa kuwa, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana. Aikina rubuta manhaja a wani kamfanin kai saƙo, irin wanda za ka danna waya a zo a ɗauki kaya a kai wa wanda kake so. Ni ina ɓangaren da ba a gani, can ciki inda lambobi suke kwana. Akwai kuma wani likitan haƙori da ya daɗe yana zarya gidanmu. Mama tana ce masa Likita da cikakken baki, ni kuwa a wayata Dogon Bayani na rubuta masa, domin bawan Allahn nan in ka ce masa ina kwana, sai ya faro maka daga abin da ya ci jiya da yadda ya shafi barcinsa.

Maganar da take ƙasa ita ce iyayensa suna so su zo su ga Baba a ƙarshen makon nan, kuma ni kaɗai ake jira in ce to. Baba ya ce ba zai ba kowa rana ba sai ya ji daga bakina. Mama kam ba ta jira bakin kowa ba. Ta sauke labulen falo ta wanke, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya waɗanda tun da aka haife ni ban ga an sha ko ruwa da su ba, ta kuma sa an canza ƙwan fitilar ƙofar gida da ya daɗe a mace kowa yana laluben makulli a duhu. Kuma bari in faɗa muku tun yanzu don kada ku ce na ɓoye: ina son mutumin. Ina son shi har da surutun nasa. Tsoro kawai nake ji, irin tsoron wadda ta ga abu ya yi kyau da yawa ta fara neman inda aka yi masa faci.

Ranar da abin ya fara ina gaban madubi ina kokawa da fil ɗin mayafi, Mama ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta dubi doguwar rigata ruwan toka sama da ƙasa, ta ce yarinyar da ake shirin zuwa nema ba ta shiga kamar wadda za ta je kotu ba da shaida. Na ce sanyin ofis ne. Ta ce sanyin ofis bai hana ja da kore ba.

"Auta, me zan ce wa Babanki?"

"Ki ce ina tunani, Mama."

"Tunanin nan naki ko kwamfutar ofishinku aka ba ai da ta gama shi."

A baranda na tarar da Yaya, babban wana, yana gugar riga. Wannan ma abin kallo ne, domin Yaya mutum ne da a da sai ya zaro riga daga ƙasan kwando ya shinshina ya saka. Shi ne kuma a gidan nan yake ta cewa kada a yi gaggawa a kan Likita, wai namiji sai an bincike shi ciki da bai, shi ya san halin maza tunda shi ma namiji ne. Ina ɗaura igiyar takalmi ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, wai mu a wurin aikinmu muna iya ganin abin da mutum ya aika da wanda ya aika wa? Na ɗaga hanci na ce masa mu ba 'yan sa ido ba ne, an hana, ba a buɗe asusun kowa sai in shi ya kawo ƙorafi. Ya ce madalla, ya koma kan wuyan rigar da ya riga ya goge. Ban kawo komai a raina ba, na wuce na kama motar haya.

Ofishinmu ɗaki ne dogo a saman bene, na'urar sanyi tana hura mana kamar an ba ta kwangilar kashe mu. Teburina yana jikin taga, yana kallon tankin ruwan maƙwabta, da kofina mai karyayyen hannu da rigar sanyi da take zaune a bayan kujera. Ban gama ajiye jaka ba shugabar sashenmu ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce ƙorafi ya shigo har daga wurare daban-daban: mutum ya kira masu kula da abokan hulɗa yana neman kayansa, sai a karanto masa kayan wani. Ba kowa abin yake samu ba, jefi-jefi ne, amma tana so a gano kafin ya kai kunnen manya. Shafin da masu kula da abokan hulɗar suke dubawa wani abokin aikina ne ya rubuta shi, muna ce masa Mai Kunne saboda abin jin kiɗa ba ya barin kansa. Ya zare kunne ɗaya ya ce shafinsa lafiyarsa lau, a duba wajen Auta, ya mayar da kunnensa.

Ku riƙe wannan bayanin, za ku buƙace shi. Kowane asusu a manhajarmu yana da lambarsa, kuma ba irin wadda ake haddacewa ba ce, gida goma sha tara ne a jere. Ni na tsara yadda ake haifar ta, kuma ina ji da ita. Farkonta yana ɗauke da lokacin da aka buɗe asusun, tsakiyarta na'urar da ta buɗe shi, wutsiyarta kuma layi ne: in mutane da yawa suka shigo a ƙiftawar ido ɗaya, na farko ya samu sifili, na biyu ɗaya, na uku biyu, haka har kowa ya samu tasa. Da wannan tsarin babu yadda za a yi mutum biyu su haɗa lamba. Shi ya sa da Mai Kunne ya turo laifin wajena na yi tsaki a ciki, na ce bari in shiga shafin nasa in ga da idona.

Ƙa'idar aikinmu a fili take: in za ka gwada abu, ka gwada da asusun gwaji ko da naka. Na sani sarai, ni nake koya wa sababbin ma'aikata. Na buɗe shafin, na ɗora yatsuna zan rubuta sunana, sai muryar Yaya ta faɗo min, namiji sai an bincike shi ciki da bai. Na waiga hagu na waiga dama. Kowa ya duƙufa a kan allonsa. Na ce wa zuciyata ai gwaji ne, asusu asusu ne, kuma yatsuna suka rubuta sunan Likita.

Sunansa ya fito a sama, da lambar wayarsa, da hoton nan nasa cikin farar riga yana murmushin tallar sana'arsa. Na gangara ƙasa inda ake jera abin da mutum ya aika. Na zaci zan ga safar hannu da kwalin auduga. Turare na fara gani. Ƙarƙashinsa lema. Ƙarƙashinta kwalin cakulan, da ƙaramar fanka mai caji, da takalmin mata lamba talatin da takwas. Duka wuri ɗaya aka kai su: Malama, makarantar renon yara, bayan gidan mai. Ni ƙafata arba'in da ɗaya ce, jama'a, ƙafar da Yaya yake ce wa jirgin ruwa. 

Kowane kaya kuma da ɗan saƙon da aka maƙala masa. A jikin takalmin an rubuta, "Kada ki ƙara saka tsohon nan." A jikin lemar, "Na ga hadari, na tuna ki." A jikin cakulan, "Ke kaɗai, ban da yaran." Na karanta su na sake karantawa har suka zauna min a ka. Kuma in gaya muku gaskiya, ba takalmin ne ya fi ƙona min rai ba, gajartar maganar ce. Wato ya iya. Ya iya faɗin abu mai daɗi a kalma biyar ko shida ya yi shiru. Ni ce dai aka ware wa laccar dasashi da illar shan abu mai sanyi bayan mai zafi, ita kuwa mai ƙaramar ƙafa ana ganin hadari a tuna ta. Na ɗauki hoton allon da wayata, na rufe shafin, na zauna ina kallon tankin maƙwabta har aka tashi. Aikin da aka ba ni ko taɓa shi ban yi ba.

Da yamma ya zo, kamar yadda ya saba, da ƙaramar motarsa mai ƙarar gwangwani. Mama ta shigar da shi falo ƙarƙashin wankakken labule, ta kawo masa shayi a kofi mai bakin zinariya, wai gwaji take yi ta ga ko ba sa yoyo. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi shiri na musamman. Na saka koriyar rigar da Mama take so, na ɗauko takalmina mafi girma, baƙi mai faɗin baki, na zo na zauna na miƙe ƙafafuna a gabansa kamar mai tallar su. Ya miƙo min leda da murmushi. Buroshin haƙori ne mai batir. Ya ce yana da gudu iri uku, kuma ya fara bayanin na farko.

Na bari ya kai na biyu, sannan na ce takalmin nan yana matsa min, ko ya san lambar da nake sakawa? Ya dubi ƙafata da gaske, irin kallon da yake yi wa bakin mara lafiya, ya ce arba'in ko da ɗaya, kuma matsattsen takalmi yana taɓa tafiya, tafiya tana taɓa baya, baya yana taɓa wuya, har muƙamuƙi yana iya shiga ciki. Ko gezau bai yi ba. Na ce a raina lallai mutumin nan ya ƙware. Sai na sako zancen hanya, na ce wata ƙawata tana neman makarantar renon yara, an ce akwai wata a bayan gidan mai, ko ya san ta?

Fuskarsa ta washe. Ya ce ai ta nan yake bi kullum in zai tafi asibiti, makaranta ce mai ƙofa ruwan ɗorawa, kuma mai tsafta, sai dai mai sayar da alewa ya kafa tebur a bakinta, abin da yake damunsa ke nan. Ya ce malaman wurin suna da kirki, akwai ma wata da take fitowa da kanta ta tsayar da motoci ta tsallakar da yara, ko ana ruwa.

"Ko ana ruwa," na ce. "Da lema?"

"Da lema mana. Wata shuɗiya."

Ban san launin lemar da aka aika ba, shafin bai faɗa ba, amma a take zuciyata ta yi mata fenti shuɗi. Wayarsa tana kife a kan gwiwarsa, ta yi ƙugi sau ɗaya, bai duba ba. Da can wannan ɗabi'ar tasa tana cikin abin da ya sa nake son shi, mutumin da ba ya duba waya in yana tare da kai. Ranar nan kuwa na ce ai dole ya kife ta. Duk abin da na taɓa yaba masa sai da na juya shi na ga bayansa. Haƙurinsa ya zama iya taku, yawan bayaninsa ya zama hayaƙin da ake turawa don kada a ga wuta.

Da na raka shi bakin mota ya tsaya yana juya makulli a hannu. Ya ce ba matsa min yake yi ba, kuma ya san shawara irin wannan tana son lokaci, ya kawo misalai biyu na mutanen da suka yi gaggawa da ɗaya na wanda ya yi jinkiri, sannan ya ce mahaifinsa dai yana tambaya. Na ce zai ji daga gare ni. Ya ce in riƙa fara buroshin da gudu na farko saboda dasashi.

Washegari a motar haya, an matse ni tsakanin wata mai kwandon kayan miya da taga, na ciro wayata. Na rubuta masa magana mai tsawo na goge. Na ce tunda gajeriyar magana yake so, bari in ba shi. Na tura masa hoton allon, na rubuta a ƙasa, "Kada iyayenka su wahalar da kansu. A gai da Malama." Alamar saƙon ta zama shuɗiya, wato ya karanta, kafin mu kai mahaɗa. Na jira ambaliyar bayani, na ma shirya yadda zan ƙi karantawa. Shiru. Mutumin da yake amsa "na iso gida" da sakin layi uku bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin amsa laifi.

A ofis shugaba ta tare ni da tambayar ina aka kwana. Na ce ina kai. Don in cika bakina na sake buɗe shafin Mai Kunne, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sunan Likita na sake rubutawa, ina so in ga ko an aika wani abu da safen nan. A wannan karon idona ya sauka a kusurwar sama, inda lambar asusun take da ƙananan baƙaƙe. Ta ƙare da sifili a jere. Na tsaya. Lambobina ba sa ƙarewa haka sumul kamar farashin kanti, wutsiyarsu a hargitse take fitowa. Mai sana'a ta farka a cikina ta ture mai kishi gefe. Na buɗe rumbun bayanai, can ɓangarena inda babu kwalliya, na ciro lambarsa ta ainihi na ajiye kusa da ta shafin. Farkonsu ɗaya, tsakiyarsu ɗaya, wutsiya ta bambanta.

Da ƙidayar goma-goma da muka saba ba za ka gane me bambancin yake nufi ba, tarin lambobi ne kawai kamar an zubar da shinkafa. Sai an juya lambar zuwa ƙidayar sha shida-sha shida, wadda masu aikinmu suke amfani da ita, inda bayan tara ake ci gaba da a, b, c har zuwa f kafin a buɗe sabon gida. A nan ne lambata take rabuwa daki-daki, lokaci a gefe, na'ura a gefe, layi a gefe. Na juya su duka biyun. Suka tafi kafaɗa da kafaɗa har gida biyun ƙarshe. Ta ainihi ta ƙare da sifili da biyu. Ta shafin ta ƙare da sifili da sifili.

Sifili da biyu, wato shi ne na uku a layi. Mutum uku aka buɗe wa asusu a ƙiftawar ido ɗaya, shafin kuma yana ɗauke da lambar na farkonsu. Na dafe kai ina tunanin su waye za su shigo tare da shi haka, sai abin ya dawo min. Ranar da aka ƙaddamar da manhajar an ce kowane ma'aikaci ya shigar da mutanensa. Mama ta ce ita me za ta aika, a ƙyale ta. Ni kuma don nuna gwaninta ban bi ta shafin rajista ba, na shigar da mutum uku da umarni ɗaya. Na sa Yaya a farko saboda shi ne babba, na sa kaina a tsakiya, na sa Likita a ƙarshe saboda kunya, kada wani ya leƙo ya ga na fara da saurayi.

Na goge sunansa na rubuta nawa. Sunana ya fito, da hotona da mayafi ruwan toka. Na gangara ƙasa. Turare. Lema. Cakulan. Takalmi lamba talatin da takwas. A cewar shafin nan, ni ma na ga hadari na tuna Malama.

Da a ce da nawa na fara jiya, kamar yadda ƙa'ida ta ce, kamar yadda nake koya wa yara, da a minti ɗaya na yi dariya na gano matsalar. Wannan tunanin ne ya sa na kifa kaina a kan tebur, kusa da kofin mai karyayyen hannu, na daɗe ban ɗago ba.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Na je na zare wa Mai Kunne kunnuwan duka biyu na nuna masa. Harshen kwamfutar da ya rubuta shafinsa da shi ba ya iya riƙe lamba daidai in ta wuce gida goma sha biyar zuwa sha shida. In ta fi haka ba ya ƙorafi, ba ya gargaɗi, sai ya daddatse wutsiyar ya kai ta lamba mafi kusa da zai iya riƙewa ya ci gaba da harkarsa, kamar tsohuwar kalkuletar Baba da in lissafi ya fi allonta sai ta nuna abin da ya samu wuri. Duk waɗanda aka yi wa rajista a tare, wutsiya ce kaɗai ta raba su, to da aka datse ta sai suka zama mutum ɗaya, shafin kuma ya ɗauko kayan na farko ya rataya wa kowa. Shi ya sa ƙorafin yake jefi-jefi, daga kamfanoni da iyalai masu shigowa a dunƙule. Mai Kunne ya ce laifina ne da na yi lamba mai tsawon jirgin ƙasa. Na ce laifinsa ne da ya ɗauki lambar shaida kamar abin lissafi. Muka shirya a kan in riƙa turo masa ita a matsayin rubutu, kamar lambar waya, tunda ba wanda yake tara lambar waya da wata. Muka gyara, muka gwada, kowa ya koma asusunsa. Na Likita ban buɗe ba. Yanzu da ya zama nasa na gaskiya, na ji kunyar taɓa shi.

"Da wane asusu kika gano?" Mai Kunne ya tambaya yana mayar da abinsa a ka.

"Da nawa," na ce. Ba ƙarya na yi ba.

Shugaba ta yaba min a gaban kowa. Ni kuwa na shige ɗan ɗakin shan shayi na rufe ƙofa na fara rubutu. Na yi masa bayanin gida goma sha tara. Na yi masa bayanin ƙidayar sha shida da a, b, c. Na kawo kalkuletar Baba, na kawo layin mutum uku, na ce kayan na wani ne da aka yi wa rajista tare da shi, ban faɗi ko wane ne ba. Saƙon ya yi tsawon da sai da wayar ta naɗe shi ta sa "ci gaba da karantawa". A can ƙarshe, bayan duk lissafin, na ce ya yi haƙuri. Na tura. Ya zama shuɗi.

Da na koma gida Yaya yana baranda yana goge takalmi yana 'yar waƙa a hanci, ƙamshin turare yana tashi daga jikinsa har bakin ƙofa. Na tsaya ina kallonsa. Mai binciken maza ciki da bai. Mai ganin hadari. Maganganu sun cika min baki, har da tambayar ko fankar tana riƙe caji, amma ba halin in furta ko ɗaya, domin jiya-jiya na ɗaga masa hanci na ce mu ba 'yan sa ido ba ne. Ya ɗago ya ga fuskata, ya ce lafiya? In har ina da shakka a kan Likita in faɗa masa, shi zai sa a ƙara bincike. Na ce ya bar shi, an bincika. Na wuce ɗaki kafin in yi abin da zan yi nadama.

Na zauna a bakin gado ko mayafi ban cire ba. Buroshin mai batir yana kan madubi a cikin kwalinsa. Daga falo ina jin ƙarar kofuna, Mama tana sake jera su a faranti. Sai wayar ta yi ƙugi a hannuna. Dogon Bayani. Na buɗe ina shirin gangarawa, sai na ga babu abin gangarawa. Layi biyu ne.

"Na karanta, na gane, lamba ce ta yi kuskure. Tambaya ɗaya: da kin buɗe kin tarar babu komai, za ki taɓa gaya min kin buɗe?"

Jiya nake kukan bai taɓa yi min gajeriyar magana ba. Ga ta na samu, kuma ban taɓa jin abin da ya yi min nauyi kamarta ba.

"Auta," Mama ta kira daga falo, "Babanki ya dawo. Me zan ce masa?"

Amsar Mama ina da ita yanzu, tsaf, babu sauran tunani. Sai dai ba ni kaɗai ake jira ba kuma. Na dubi tambayarsa. Na rubuta "Eh mana", na kalle shi, na goge. Na fara wani bayanin a kan yadda aiki yake sa mutum gwaji, shi ma na goge, domin wanda ya karanta ƙidayar sha shida ya gane ba zai kasa gane wannan ba. Na rubuta "A'a", na tura kafin zuciyata ta hana ni.

Ya zama shuɗi nan take. A saman allon aka rubuta yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Mama ta sake kira, na ce ina zuwa, ban motsa ba. Na riƙe wayar da hannu biyu ina kallon ɗige-ɗigen nan suna rawa, kuma tun da na san mutumin nan ban taɓa yin wannan addu'ar ba sai yau: ya Allah, ka sa dogo ne.